Babbar Waya: Ina Tsadar Take?

A kasuwar Yekuwa, manomi yakan sayar da gero, ya taya babbar waya, ya ji kuɗinta, ya wuce. Tecno ko itel ɗin nan daga ƙasar Sin ta taso, ta yada zango a Farm Centre ta Kano, kana ta ƙetaro iyaka, kuma kowane zango da nasa kaso. A Nijar, harajin TVA kaɗai kashi 19 ne cikin ɗari, ban da na duwan.

A 2025 Afirka ta Kudu ta soke harajin alatu na kashi 9 a kan wayoyi masu araha. Ya kamata mahukuntan Yamai su duba wannan. In aka sassauta, fataken Magarya da Dungas za su rage bin hanyar daji, su biya ta ƙofar duwan.