Lissafi A Rayuwa: Awa Nawa Ne Daga Katsina Zuwa Jidda?

Wata ɗaliba 'yar aji biyar daga Kurfi ta aiko mana da tambaya. Ta ce kakarta ta tashi daga Katsina da ƙarfe 10 na dare, sai aka ce ta sauka Jidda da ƙarfe 4:30 na asuba. A dawowa kuwa, ta tashi da ƙarfe 10 na dare, ta iso da 12:30. Yaya aka yi zuwa ya ci awa shida da rabi, dawowa ta ci biyu da rabi?

To, ɗauko biro da takarda.

Daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, a miƙe, kimanin kilomita 3,500 ne. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ta hanyar Kurfi kuwa wajen kilomita 60 ne. Ke nan tafiyar kaka kamar ka yi wannan hanya ne sau 58.

Jirgin fasinja yakan yi gudun kusan kilomita 850 a awa ɗaya. Raba 3,500 da 850, za ka samu awa huɗu da 'yan mintuna. Ƙara lokacin tashi da na sauka, sai ya kai wajen awa huɗu da rabi.

Ina sauran awa biyun? Ba a sama aka ɓatar da su ba, a agogo suke. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa. Jidda tana gabas da mu da kimanin digiri 31, saboda haka rana takan riga fito musu, agogon Saudiyya kuma yana gaban namu da awa biyu. In ka nufi gabas sai ka ƙara, in ka nufo yamma sai ka rage. Huɗu da rabi a tara da biyu, shida da rabi. A cire biyu, saura biyu da rabi. Kaka dai zaman awa huɗu da rabi ta yi, zuwa da dawowa.

Sai dai jirgi ba kullum yake bin miƙaƙƙiyar hanya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Iska ma takan tura jirgi ko ta tare shi.

Kada ku raina wannan lissafi. Irinsa yakan fito a jarrabawar WAEC da NECO, kuma wanda ya rage inda ya kamata ya ƙara, ya yi asarar maki a banza.

Ga aikin gida: jirgi ya bar Jidda da ƙarfe 1 na dare, ya yi awa biyar a sama. Ƙarfe nawa zai sauka Katsina, kuma a wace rana? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.