AMBALIYAR RUWA: HURUMIN KOGI DA HUKUNCIN INSHORAR GWAMNATI

 

Ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, a makon nan za mu amsa wata wasiƙa da ta iso mana daga wani bawan Allah a ƙasar Haɗeja. Ya ce ruwa ya ci gidansa sau biyu, ya kuma ci shinkafar da ya noma da bashi. Tambayarsa biyu ce. Ta farko, wanda ya tashi daga gidan gadonsa domin tsoron ruwa, shin tawakkalinsa bai raunana ba? Ta biyu, ya ji labari a wasu ƙasashe gwamnati tana da inshorar ambaliya, to, ya halatta Musulmi ya shiga irinta?

Wannan ɗan'uwa namu ba shi kaɗai ba ne. A shekarar 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, Jihar Jigawa kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale Maiduguri har fadar Shehu, alhali irin haka ta taɓa faruwa a garin a 1994. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ruwa ya faɗa wa Mokwa da asuba, ya kashe mutum fiye da 150. Allah Ya ji ƙansu, Ya karɓi shahadarsu.

TAWAKKALI DA RIƘON SABABI

Amsar tambaya ta farko tana cikin tarihin Sayyadina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda. Malam Azraƙi ya kawo a cikin littafinsa na labarun Makka cewa a zamanin halifancin Umaru, wajen shekara ta 17 bayan Hijira, wani ruwa mai ƙarfi ya gangaro daga saman Makka ya shiga Masallaci Mai Alfarma, ya ɗauke Maƙamu Ibrahim daga mazauninsa ya kai shi ƙasan gari. Ana kiran wannan ambaliya da sunan Ummu Nahshal, watau matar da ta rasu a cikinta. Da labari ya kai Madina, sai Umaru ya taso da kansa, ya mai da Maƙamu wurinsa, sa'an nan ya sa aka yi jinga ta manyan duwatsu a saman gari domin ta karkatar da ruwa daga Masallaci.

To, a dubi wannan da kyau. Babu wuri a bayan ƙasa da ya kai Ɗakin Allah alfarma, a cikinmu kuma babu wanda ya kama ƙafar Umaru wajen tawakkali, amma duk da haka sai da ya tara ma'aikata aka ɗauki duwatsu. Ashe ke nan wanda ya kauce wa ruwa ya hau tudu bai fita daga ƙaddara ba, ya bi sababin da Mai ƙaddarawa Ya halitta ne. Wanda kuwa aka gargaɗe shi ya ƙi tashi, har ruwa ya tafi da 'ya'yansa, lalle za a tambaye shi game da amanar da aka ba shi kiwo.

Sau da yawa mukan ji masu wa'azi suna cewa ambaliya sakamakon zunubanmu ce. Ba mu musun wajabcin tuba. Amma in za mu lissafa zunuban, kada mu tsallake waɗanda suka shafi ruwan kansa: sai da fuloti a kan hanyar ruwa, cike kududdufi a gina kantuna, zuba shara a lambatu, da cinye kuɗin da aka ware domin gyaran madatsa.

HURUMIN KOGI

Malaman fiƙihu, a babin raya mataccen fili, sun tabbatar da cewa rijiya da idon ruwa da kogi kowanne yana da hurumi, watau filin da ke kewaye da shi, wanda bai halatta wani ya mallake shi ta hanyar da za ta ƙuntata wa jama'a ba. Abin da suka fi dubawa a lokacinsu shi ne hanyar masu ɗiban ruwa da masu shayar da dabbobi, da wurin zubar da laka in an yashe kogi. Amma dalilin hukuncin shi ne kawar da cuta, wannan dalili kuwa ya fi ƙarfi a kan filin da kogi yake shimfiɗuwa a cikinsa in ya cika. Duk wanda ya gina katanga a nan, ruwan da ya kamata ya kwanta a wurin zai nemi gidan maƙwabcinsa.

Kakanninmu sun san wannan. Sukan kafa gari a kan tudu, su bar fadama ga shinkafa da masunta da makiyaya. Kududdufan da aka haƙa ƙasar gini a cikinsu su ne suke shanye ruwan sama. Fadama tamkar rumbu ce da kogi yake ajiye rararsa da damina, ta bar laka mai albarka da rani. Da jama'a suka yawaita, fili ya yi tsada, sai aka shiga rumbun kogi aka yi ɗakuna.

A kwarin Haɗeja akwai ƙarin dalili. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sake. Ruwan da a da yakan janye da rani ya zama yana gudana duk shekara, ciyawar kacalla ta sami wurin zama, ita da yashi suka toshe hanyoyi. In ruwa ya zo da yawa bai sami hanyarsa ba, sai ya bi ta gonaki da garuruwa.

Hakkin tsare hurumi yana wuyan hukuma. Dokar ƙasa ta 1978 ta sanya filayen kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a. Kowace shekara kuma hukumar tarayya mai lura da ruwayen ƙasa takan fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu tun kafin damina ta kankama. Wanda aka ba amana, aka kuma ba shi labari, ba shi da hanzari in ya sa hannu a takardar fuloti a cikin kwari.

HUKUNCIN INSHORA

Sai tambaya ta biyu. Malamai sun raba inshora gida biyu. Akwai ta kasuwanci, inda kamfani yake karɓar kuɗi domin neman ribar kansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin Disamba 1985, ta yanke cewa wannan ba ta halatta ba, saboda gararin da ke cikinta mai yawa ne: mai biya bai san ko zai karɓa ba, bai kuma san nawa zai karɓa ba. Wasu manyan malamai, kamar Shaihu Mustafa Zarƙa na Sham, sun saɓa wa wannan, amma mafi yawa suna kan hani. Akwai kuma ta taimakon juna, inda jama'a suke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar gudummawa, a ɗebi abin da za a tallafi wanda masifa ta faɗa wa. Wannan majalisar ta halatta ta. Tun a 1965 ma taron malamai na Azhar ya halatta ta, tare da tsarin fansho da makamantansa da gwamnati take gudanarwa ba domin riba ba.

Hujjarsu sananniya ce. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa mutanen ƙabilar Ash'ari, in guzurinsu ya ƙaranta, sukan tara abin da ya rage a mayafi guda su raba daidai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuwa yabe su. A nan wani ya zuba kaɗan ya ɗauki da yawa, amma ba a kira shi caca ba, domin ba ciniki ba ne, kyautatawa ce. Har ila yau Shari'a ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangin mai kisan, ta kuma halatta wa wanda annoba ta shafe dukiyarsa ya karɓi sadaka har ya miƙe. Saboda haka asusun ambaliya da gwamnati za ta kafa, ba domin riba ba, asalinsa halal ne.

ABIN DA YA FARU A AMURKA

Amma halaccin abu daban, amfaninsa daban. Da yake mai tambaya ya ambaci wasu ƙasashe, bari mu dubi wadda ta daɗe tana gwada wannan tsari, watau Amurka, domin mu ga inda ta dace da inda ta yi tuntuɓe.

A can kamfanoni sun daɗe da gudun inshorar ambaliya, gama ruwa in ya zo gari guda yake ci a lokaci ɗaya. Sai majalisarsu ta kafa inshorar gwamnati a 1968 bisa wani sharaɗi mai hikima: ba a sayar wa mutanen wani gari sai hukumar garin ta yarda ta kafa dokar gini a wuraren ambaliya. Aka zana taswira, aka ware duk inda ake ƙiyasta yiwuwar ambaliyarsa ta kai kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, aka ce sabon gini a nan sai an ɗaga daɓensa ya kai inda ruwan zai tsaya. Kada a raina wannan kashi ɗaya: in mutum ya zauna a wurin shekara 30, lissafi ya nuna yiwuwar ruwa ya same shi ta kai kashi 26 cikin 100. A 1973 aka wajabta inshorar a kan mai karɓar bashin gida mai alaƙa da gwamnatin tarayya a irin waɗannan wurare. Galibi kuma sai an yi kwana 30 da shiga kafin ta fara aiki, domin kada mutum ya jira sai ya ga hadari.

Inda suka yi tuntuɓe shi ne sun rangwanta wa tsofaffin gidaje kuɗin shiga ƙwarai, suka kuma riƙa biyan mutum ya sake gini a inda ruwa ya ci shi, sau uku, sau huɗu. Gidaje 'yan kaɗan masu yawan maimaita hasara suka riƙa cinye kaso mai tsoka na asusun. Da guguwar Katrina ta zo a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey a 2017, asusun ya nutse cikin bashin baitulmali, bashi mai ruwa kuwa. A 2017 majalisa ta yafe masa dala biliyan 16, duk da haka fiye da biliyan 20 suka rage a kansa. Sai a 2021 suka sake lissafi domin kuɗin kowane gida ya dace da hatsarinsa. Ingila ta lura da wannan: tsarin da ta fara a 2016 bai karɓi gidajen da aka gina daga farkon 2009 ba, domin kada ya zama kiran mutane zuwa kwari.

SHARUƊƊA

A nan gida, abin da muka saba gani bayan ambaliya shi ne rabon shinkafa da tabarmi da barguna. Wannan alheri ne, amma ba ya ta da bango. Abin da muke da shi mai kama da inshorar gwamnati shi ne ta noma, wadda aka fara a 1987 bisa tsarin gwamnati ta ɗauki rabin kuɗin shiga. In za a kafa asusun ambaliya na gidaje da gonaki, ko a gyara wanda ke akwai, ga abin da muke ganin ya wajaba:

Na ɗaya, kuɗin da ake zubawa ya zama gudummawa, rarar da ta rage kuma ta zauna a asusun. Na biyu, kada a juya kuɗin ta hanyar riba, kada a ci bashi mai ruwa. Na uku, a shata hurumin kowane kogi a sanar da masu unguwanni da dagatai, duk wanda ya yi sabon gini a ciki bayan sanarwa ba shi da rabo. Na huɗu, wanda ruwa ya ci gidansa fiye da sau ɗaya a ba shi fili a tudu da kuɗin gini, ya ci gaba da noman fadamarsa, amma ya daina kwana a cikinta. Na biyar, talakan da ba shi da abin zubawa baitulmali ya zuba masa, gama ba son ransa ne ya kai shi kwari ba, rashi ne. Na shida, a riƙa karanta lissafin asusun a bainar jama'a kowace shekara.

Ga ɗan'uwanmu mai tambaya muna cewa: in irin wannan asusu ya samu, ka shiga, babu laifi. Kafin ya samu, ku mutanen unguwa kuna iya kafa naku na taimakon juna, ku kuma yi gayya ku yashe magudanai tun kafin ruwa ya sauka, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma kada ka mai da tubali inda ruwa ya rushe shi sau biyu in kana da ikon matsawa. Asusu yana iya mai da kwano da katako, ba ya mai da yaron da ruwa ya tafi da shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu sharrin ruwa, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.