Amanar Fasinja da Aka Kai Jingina

Sa'ad da annobar korona ta game duniya a shekarar 2020, har zirga-zirgar fasinjoji ta sama ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, manyan kamfanonin jiragen Amurka suka laluba taskarsu suna neman abin da masu ba da rance za su karɓa, sai suka tarar wata kadara tasu mai tsananin daraja ita ce tsarin nan na tara wa matafiyi maki gwargwadon tafiye-tafiyensa, domin ya riƙa komowa gare su. Kamfanin United ya jinginar da nasa ya karɓi dala biliyan 6.8, Delta ya karɓi biliyan 9, American kuwa biliyan 10 a watan Maris na 2021. Abin da aka ba da rahaninsa, in an yi nazari, shi ne kyakkyawan zaton fasinja, kuma a ganina wanda ya ci bashi da amanar mutum, to, haƙƙin kiyaye ran mutumin ya hau kansa wajibi, tun da malaman usulu sun gabatar da kiyaye rai a kan kiyaye dukiya.

Kujerar tsakiya ce ta fara tona asiri. American ya koma cika jirginsa maƙil tun 1 ga Yuli 2020, alhali Delta ya bar kujerar nan ba kowa har ƙarshen Afrilu 2021. Masu cikawa suna da hujjarsu, cewa ana tace iskar jirgi ana sabunta ta cikin 'yan mintoci, kuma tazarar kujera ɗaya ba ta kai wadda likitoci suka shar'anta ba; amma binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa a Afrilu 2021 ya ƙiyasta cewa barin kujerar yana rage shaƙar ƙwayar cutar da kashi 23 zuwa 57 cikin ɗari, ko da yake bai sa takunkumin fuska a lissafi ba. Wani zai ce Delta ma talla yake yi. Mai yiwuwa ne, sai dai niyya Allah ne masaninta, mu da zahiri muke hukunci.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin tikiti, domin mutumin da ya wayi gari da zazzaɓi, ya san in ya fasa tafiya kuɗinsa sun salwanta, zai haɗiye magani ya hau jirgi ya zauna kafaɗa da kafaɗa da bayin Allah. Kamfanoni da dama, ko da su ne suka soke tashi, sai suka riƙa ba mutane takardar alkawarin wata tafiya maimakon kuɗinsu, har sai da ma'aikatar sufuri ta Amurka ta sanar a Nuwamba 2022 cewa ta sa kamfanoni shida sun mayar da fiye da dala miliyan 600. Gaskiya ne a ƙarshen Agusta 2020 United ya soke tarar dala 200 ta sauya ranar tafiya a cikin gida, Delta da American suka bi sahu, kuma wannan ya fi feshin maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin jirgi amfani ga lafiyar jama'a. Amma sokewar ta dindindin ba ta haɗa da tikiti mafi araha ba, wato na wanda ya fi kowa jin zafin asarar kuɗinsa.