Wasiƙa ga masu sayar da abinci a Legas: a bar kwano ya dawo gida

Iyayenmu mata masu tuwo da shinkafa, da 'yan'uwa masu shayi da masu nama na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Obalende. Allah ya ba da kasuwa.

Zancen farar robar tekawe ne, mai kama da soso, ya sa na ɗauki alƙalami. Tun watan Janairun 2024 gwamnatin jihar Legas ta haramta ta, kuma na san wasunku na ganin takura ce kawai. Mu bi sawunta tukuna.

Daga man fetur ake yin ta, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na jikinta iska ce. Shi ya sa ɗan jari-bola, mai sayarwa da kilo, yake tsallake ta: buhu guda ba nauyi, ga maiƙon miya. Sai ta faɗa kwata, ta toshe magudanar ruwa da damina, wadda ta wuce kuma ta gangara tafkin Legas, daga nan sai tekun Atlantika. Can ba ta ruɓewa, marmashewa take yi, kifi da tsuntsaye su haɗiye. Kifin nan kuwa tukunyarku yake dawowa.

Maganin yana hannunku tun da daɗewa. Kun tuna kuɗin kwalba? Mai shan lemo ya ajiye 'yan kuɗi, in ya dawo da kwalba a mayar masa. Ku yi wa kwano haka. Ku tanadi kwanukan silba masu murfi domin masu sayen kullum: 'yan dako, direbobi, masu gadi. Wanda ya zo da kularsa, ku ƙara masa tsokar nama, gobe zai kawo abokinsa. Alala ta koma ganye ko gwangwani, tsire da balangu a takarda mai tsabta. Kwano sau ɗaya ake sayensa, tekawe kuwa kullum sai an fitar da kuɗi.

Wanke-wanke zai ƙaru, gaskiya ne. Masu layi ɗaya ku haɗa kuɗi ku ɗauki mai wanki, kun kuma sama wa wani abin yi.

Ku fara gobe da kwano goma, ku ga nawa za su dawo.

Naku,
Mai cin tuwonku