Akwatin iyali da jirgin sama: a auna tun daga gida

Lokacin babban hutun ƴan makaranta da lokacin Umra da aikin Hajji, su ne kakar masu sayar da akwatuna a babbar kasuwar Yamai, da ta Maraɗi, da kasuwar Dole ta Damagaram. Magidancin da zai hau jirgi da iyalinsa, in ya shiga rumfa, idonsa kan faɗa kan mafi girman akwati, kuma yana da hujjarsa: kuɗin babba bai ɗara na matsakaici da yawa ba, zai cinye kayan kowa, kuma abu ɗaya za a sa wa ido a hanya. Wani ma ba ya zuwa kasuwa, babban cikin akwatunan lefen uwargida ake saukowa da shi a kakkaɓe. Wannan lissafi yana da kyau a tashar mota, inda yaron mota ke duban kaya da ido ya yanka kuɗi, a yi ciniki a daidaita. A filin jirgi kuwa sikeli da ma'auni ne ke yanke hukunci, su kuma ba su san ciniki ba.

Lambobi uku ne ke mulkin kayan da ake miƙa wa kamfani ya zuba a cikin jirgi, kuma ya kamata mai niyyar tafiya ya haddace su kafin ya taka ƙofar kasuwa. Ta farko ita ce 158. Ana auna tsawon akwati da faɗinsa da kaurinsa a tara su wuri ɗaya, kuma a wurin mafi yawan kamfanoni jimillar ba za ta wuce santimita 158 ba. Ƙafafun akwati da mariƙinsa duk suna cikin awon. Ta biyu ita ce 23, wato kilo 23, nauyin da aka saba yarje wa kowane akwati ɗaya a ajin da galibin matafiya ke shiga. Ta uku ita ce 32. Akwatin da ya wuce kilo 23 ana iya karɓarsa in an biya tara, amma wanda ya haura kilo 32 kamfanoni da yawa ba su karɓarsa ko nawa mai shi zai biya, domin ƴan Adam ne ke ɗaga kayan nan da hannu a ƙarƙashin jirgi, kuma an sa iyakar ne don kare bayansu. Waɗannan lambobi da ke kama da an tsinto su, daga awon Ingilishi da Amurkawa suka fito: santimita 158 inci 62 ke nan, kilo 23 laba 50, kilo 32 kuwa laba 70.

Daga nan ne ake gane tarkon da ke cikin rumfar ɗan kasuwa. Akwatunan da ake shigowa da su, da inci ake kiran girmansu: mai 20, mai 24, mai 28, mai 32. Wannan lamba tsawon akwati kawai take nufi, sau da yawa ma ba a lissafa ƙafafu ba. Mai inci 20 ya kama santimita 51, mai 24 ya kama 61, mai 28 ya kama 71, mai 32 kuwa 81. In akwati ya kai santimita 81 a tsaye, abin da ya rage wa faɗi da kauri 77 ne kacal, kuma da wuya a sami mai wannan tsawo da bai zarce haka ba. Ke nan tun yana fanko ya karya doka. Mai inci 28 yana bakin iyaka: wani ya tsallake, wani ya faɗa, musamman irin mai zif na biyu da ake buɗewa don ƙara masa ciki. Mai saye da ya je kasuwa da ma'aunin tela a aljihunsa ya auna da kansa, daga ƙasan ƙafa zuwa saman mariƙi, ya fi wanda ya dogara da takardar da aka manna.

To, ko da akwati ya tsira daga ma'auni, sikeli na jiransa, kuma a nan ne mafi yawan iyalai ke faɗawa. Babban akwati cikinsa kan kai wajen lita 100, shi kansa kuma yana fanko kan ci kilo 4 zuwa 5, wani ma fiye. Abin da ya rage na kaya bai wuce kilo 18 ko 19 ba. Irin wannan akwati ya fi dacewa da tufafin sanyi na Turawa, masu kumburi marasa nauyi. Kayan mutanen ƙasar nan ba haka suke ba: shadda da aka buga, turamen atamfa, leshi, manyan riguna masu aiki, takalma, kwalaben turare, ga garin yaji da busasshiyar kuɓewa da ba a rasawa. Irin wannan kaya kan cika kilo 23 tun akwati bai wuce rabi da yawa ba. Ido kuwa ba ya son ganin gurbi. Muddin akwai fili, sai an sami abin cusawa. Matsakaicin akwati, mai inci 24 zuwa 26, shi ke yi wa mai shi linzami: lokacin da ya cika, nauyinsa yana kusa da abin da aka yarje. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai wani kuskuren fahimta da ke jawo gardama a gaban ma'aikatan kamfani. Magidanci kan ce: mu biyar ne, kowa yana da kilo 23, jimilla 115, kayanmu kuwa ba su kai 90 ba, ina laifin? Amsar tana cikin tikiti. Tsari biyu ne ake aiki da su. A tsarin nauyi, ana rubuta wa matafiyi kilo kaza, kamar 30 ko 40, ya raba su yadda ya so, kuma iyalin da suka yi rajista tare kan iya haɗa nasu. A tsarin ƙidaya kuwa, wanda ya yaɗu a dogayen hanyoyi, ana rubuta akwati ɗaya ko biyu, kowane da iyakarsa, kuma galibi ragowar wannan ba ta cike gibin wancan. Iyali mai akwatuna uku masu kilo 30 kowane zai biya tara sau uku, alhali da ya raba kayan nan cikin akwatuna huɗu ko biyar da bai biya ko dala ba. Saboda haka tikiti ake fara karantawa, sannan a tafi kasuwa. Yaron da ya cika shekara 2 yana da kujerarsa, kuma a ƙa'ida rabonsa na kaya kamar na babba ne. Jinjirin da ke kan cinya kuwa, kamfanoni da yawa kan ba shi kilo 10 da keken tura shi.

Sai dai yawan akwatuna ma yana da iyakarsa, wadda ba kamfani ya sa ba. Uba da uwa hannu huɗu ke gare su, kuma aƙalla biyu na riƙon yara ne. Iyali mai mutum biyar da tikitinsu ya ba kowa akwati biyu suna da izinin akwati goma, amma wanda ya taɓa sauya jirgi a Kasablanka ko Istambul ko Addis Ababa da yara masu jin barci ya san izini dabam, iyawa dabam. A ƙarshen tafiya kuma akwai motar haya, wadda bayanta ke ɗaukar matsakaita biyu ko uku cikin sauƙi amma ya ƙi rufuwa a kan ƙato ɗaya, akwai matakalar bene, akwai ɗakin masauki da ba shi da fili. Ga iyali mai uba da uwa da ƴaƴa uku da za su yi mako biyu ko uku, matsakaita uku ko huɗu, da babba ɗaya mai inci 28 don kaya masu kumburi kamar barguna da rigunan sanyi, sun isa. Yaro ɗan shekara 10 yana iya jan matsakaici. Babba kuwa sai ubansa.

Batun ƙafafu ma abin dubawa ne. Akwati mai taya sabon abu ne a tarihin tafiya: a 1972 wani Ba'amurke, Bernard Sadow, ya sami takardar mallakar fasahar, a 1987 kuma wani matuƙin jirgi, Robert Plath, ya fito da mai taya biyu da dogon mariƙi da ake ja. Mai taya huɗu yana da daɗin turawa a kan daɓen filin jirgi mai santsi, amma tayoyinsa a waje suke, suna ƙara masa tsawo, su ne kuma ke fara karyewa in an wurga shi. A kan yashi da tsakuwar unguwannin Tawa ko Damagaram, mai taya biyu da suka shige cikin jiki ya fi juriya. Ƙunshin zane da aka ɗaure da igiya da buhun leda da ya kumbura kamar tulu kuwa, kwanansu ya ƙare a wurare da dama: tun 2017 filin jirgin Dubai ya daina karɓar kayan da ba su da gefe ɗaya shimfiɗaɗɗe, saboda suna toshe injin da ke jan kaya. Kwali mai ƙarfi da aka naɗe da kyau ya fi su karɓuwa.

Jakar hannu, wadda matafiyi ke shiga da ita wurin zama, ita ce inda kamfanoni suka fi saɓawa. Air France na yarje wa santimita 55 da 35 da 25, da kilo 12 in an haɗa da ƙaramar jaka. Turkish Airlines na yarje wa 55 da 40 da 23, da kilo 8. Ethiopian Airlines kilo 7 take bayarwa a ajin gama-gari. Wanda ya sayi ƙaramin akwatin da bai wuce 55 da 35 da 20 ba ya shiga kusan ko'ina. In tafiya ta haɗa kamfani biyu da tikiti dabam-dabam, ƙa'idar da ta fi tsanani ita za a bi tun daga gida. Ƙananan jirage masu farfela kuma ma'ajiyarsu ta sama ƙarama ce, akan karɓi akwatin a ƙofa a sa shi ƙasa. Ga mai yara, jakar goyo ta baya ta fi akwatin ja, domin tana sakin hannu. A cikinta ne fasfo da katin rigakafi da kuɗi da magunguna da kayan canjin yaro na kwana ɗaya za su zauna. Batirin cajin waya na ko-ta-kwana dole a hannu yake tafiya, an hana sa shi cikin kayan ƙasa saboda gobara. Abu mai ruwa kuwa, tun 2006 mafi yawan filayen jirgi ba su barin kwalbar da ta wuce mililita 100 ta shiga wurin zama.

Raba kaya cikin akwatuna da yawa yana da wata fa'ida da ba a ganinta sai ranar tsautsayi. Akwati kan yi lattin isowa, wani lokaci ya ɓata ɗungurungum. Iyalin da suka zuba komai cikin ƙato ɗaya, in ya maƙale a wani gari, kowa ya kwana da rigar jikinsa. Dabara ita ce a cuɗa: kowane akwati ya ɗauki kaɗan daga tufafin kowa. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta tsara haƙƙin matafiya a tsakanin ƙasashen da suka amince da ita, ta sa iyaka ga diyyar kaya, kuma tun ƙarshen 2024 iyakar ta kama wajen dalar Amurka 2,000 ga kowane matafiyi, komai tsadar abin da ya ɓata. Wanda ya tarar akwatinsa ya fashe yana da kwana 7 ya kai ƙara a rubuce, wanda nasa ya yi latti kuma kwana 21. Gwal da takardun gida ba kayan ƙasan jirgi ba ne, ƴar takardar da ake manna wa tikiti kuwa a adana ta kamar kuɗi.

Saura dawowa, wadda ita ce rabin tafiya da ake mantawa. Ba a komowa daga Makka ko Dubai ko Istambul hannu rabbana. Dangi da maƙwabta suna jiran tsaraba, dabino da tasbaha da jallabiya kuwa suna da nauyi. Mai hankali kan bar kilo 5 ko 6 a kowane akwati tun wajen tafiya, ko ya ninke jaka mai laushi ya saka ciki in tikitinsa ya ba shi akwati na biyu. Ruwan Zamzam ba ya cikin wannan lissafi, domin hukumomin Saudiyya sun hana a ɓoye shi cikin akwati. Gora ce ta lita 5 a ƙunshinta na musamman, hanyarta dabam. Mai zuwa Turai kuma ya sani Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara, ke nan kilishi da cuku wurin da suka ci a akwati asara ne in ƴan duwan sun buɗe.

Babban akwati yana da wani aibi na ƙarshe: yana kiran saƙo. Da zarar an ji wane zai tashi, ƙulli-ƙulli ke fara shigowa gida, kuma kunya ba ta barin a ce a'a muddin ana ganin fili. Matsakaici da ya cika shi ne uzurin da ba ya ɓata zumunci. Saƙon da aka karɓa kuwa a buɗe shi a gaban mai shi, domin a gaban doka abin da ke cikin akwati na wanda sunansa ke jiki ne, kuma akwai ƙasashe, har da Saudiyya, da hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a cikinsu ya kai kisa.

Duk abin da ake bukata don kauce wa tonon asirin buɗe akwati a tsakiyar layi, ana fidda zannuwan uwargida a gaban jama'a, bai wuce abu uku ba: tikiti a karanta, ma'aunin tela a auna, sikeli a ɗora. Wanda ba shi da ƙaramin sikelin rataya, na mai sayar da hatsi a unguwa ya ishe shi, a daren jajibirin tafiya, lokacin da rage kaya bai da tara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.