Tallafin Galahanga: Kada Ya Tsaya A Legas



Kowace shekara ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007, ana wayar da kan jama'a game da lalurar galahanga. A Najeriya, bankin GTBank ya fi shekara 10 yana shirya taron shekara-shekara a Legas tare da ƙwararru da ƙungiyoyin agaji, har ana duba yara kyauta. Wannan abin a yaba ne.

Sai dai uwar da ke Fadikpe, wadda ɗanta ya shekara 3 ba ya magana, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya haɗa ido da mutane, ba ta da kuɗin motar Legas. Maƙwabta na ce mata aljanu ne. Alhali lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma in an gano ta da wuri, horo na taimakon yaro ƙwarai.

Bankuna da kamfanonin sadarwa suna cin riba a Minna. Muna kira gare su, su haɗa hannu da ƙungiyoyinmu na nan gida: a horar da malaman firamare da na Islamiyya, a kawo likitoci duba yara, a yi bayani a rediyo da Hausa, Gwari da Nufanci. Ƙungiyoyin kuma su riƙa bayyana abin da suka karɓa da inda ya tafi.

Mu ma iyaye, mu daina kulle yaran nan a ɗaki. Mu kai su asibiti.

Allah ya sa mu dace.