Kafin a Sayo Mana Tabilet Mafi Araha, a Ji Labarin Aakash



Tun bayan taron iyaye da malamai na makon jiya, babu maganar da ake yi a bakin famfo da layin abinci sai ta tabilet. Ga wanda bai ji ba, wasu iyayenmu ne suka kawo shawarar a haɗa kuɗi a saya wa kowane ɗan aji shida kwamfutar nan mai kamar allo da ake latsawa da yatsa, domin ya saba kafin jarrabawar JAMB. Aka ce a nemo mafi araha a kasuwa don kowa ya samu. Ba a yanke hukunci ba tukuna. An dai kafa kwamiti, zai kawo rahoto a zama na gaba.

Kada a yi mana gurguwar fahimta, mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muna son tabilet. Tun shekarar 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta da kwamfuta gaba ɗaya, kuma mun ji labarin yayyenmu da suka shiga ɗakin jarrabawa hannunsu na rawa, ba don ba su yi karatu ba, sai don ba su taɓa zama a gaban na'urar ba. Muna kuma gode wa iyayenmu da suka yi wannan tunani. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne wannan magana ta "mafi araha". Akwai ƙasar da ta riga mu bin wannan hanya, ga kuɗi ga masana, kuma ya kamata a san yadda ta kwashe.

A watan Yulin 2010, ministan da ke kula da ilimi a Indiya a lokacin, Kapil Sibal, ya ɗaga wata 'yar kwamfuta a gaban 'yan jarida, ya ce gwamnati za ta samar wa ɗalibai irinta a kan dala 35. A wannan shekarar ce kamfanin Apple ya fitar da iPad ta farko, wadda mafi ƙarancin kuɗinta dala 499. Ku yi lissafin da kanku: kuɗin iPad ɗaya zai sayi goma sha huɗu har da canji. Duniya ta ɗauka. Wasu suka ce abin a yaba ne, wasu suka ce tatsuniya ce.

Ranar 5 ga Oktoba 2011 aka ƙaddamar da ita a birnin Delhi, aka raɗa mata suna Aakash, wato sararin samaniya da harshen Hindi. Kamfanin DataWind na Suneet Singh Tuli ne ya samu kwangilar ƙera guda 100,000, aka kuma ɗora wa wata babbar cibiyar koyon fasaha, IIT ta Rajasthan da ke Jodhpur, alhakin gwadawa da karɓa. Ɗaliban jami'o'i da kwalejoji aka nufa da ita tun farko, ba 'yan sakandare irinmu ba.

Mece ce a cikinta? Fuskarta inci 7 ce, nauyinta kusan giram 350, ka iya riƙe ta da hannu ɗaya. Tana aiki da Android 2.2, manhajar da aka yi domin waya. Ƙwaƙwalwar da take aiki da ita megabait 256 ce, ma'ajiyarta gigabait 2, akwai kuma gurbin sa memori. Injin da ke sarrafa aikinta yana gudun megahaz 366, alhali manyan wayoyin wannan zamanin sun riga sun kai 1,000. Mu faɗi alherinta kuma: tana da kafar USB har biyu, ka iya soka filashi ka kwashi darasi daga wurin abokinka, abin da iPad mai tsada ba ta ba ka dama kai tsaye.

A kan takarda ke nan. Da ta shiga hannun ɗalibai sai ƙorafi ya fara fitowa. Gilashinta irin na dā ne wanda sai ka danna da ƙarfi kafin ya amsa, wani lokaci ka danna sau biyu sau uku. Duk wanda ya taɓa amfani da tsohuwar wayar da ake tsokana da tsinke ya san wannan azabar. Tana da nawa wajen buɗe abu, tana ɗaukar zafi, batirin da aka ce zai yi awa uku kuwa sau da yawa ba ya kaiwa. Wadda aka ba ɗalibai ba ta da gurbin layin waya, sai inda akwai Wi-Fi take shiga intanet, ga shi ba kowace kwaleji ce ke da shi ba, balle gidajen ƙauye. Ba ta kuma shiga babbar kasuwar manhajoji ta Android, don haka abin da za ka iya saukewa a kanta taƙaitacce ne.

Daga nan rigima ta ɓarke tsakanin cibiyar Jodhpur da kamfanin. Cibiyar ta ƙi karɓar da yawa daga cikin na'urorin, ta ce ba su cika sharaɗi ba. Kamfanin ya ce ai sharuɗɗan gwajin da aka kawo daga baya irin na kayan sojoji ne, har da jure ruwan sama, ta yaya za a nemi haka daga abin dala 35? Muna ganin kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Amma yayin da manya ke musayar wasiƙu, ɗalibin da aka yi wa alkawari yana zaune hannu rabbana.

Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne, duk da wannan suka, mutane sun yi rububinta. Da kamfanin ya buɗe rajistar irin wadda za a sayar a kasuwa, mai suna UbiSlate, rahotanni sun ce an yi odar guda miliyan 1.4 cikin mako biyu. Kamfanin bai iya biyan wannan buƙata a kan lokaci ba, mutane da yawa suka yi watanni suna jira, har da waɗanda suka riga suka biya. Wannan ya nuna mana talaka ba ya ƙin na'ura, kuɗinta ne ke gagararsa. Ya kuma nuna yadda araha ke sa mutum cinikin biri a sama.

A shekarar 2012 gwamnati ta ɗauke aikin ta mayar wa IIT ta Bombay. Ranar 11 ga Nuwamba na wannan shekarar shugaban ƙasa Pranab Mukherjee ya ƙaddamar da Aakash 2. An ninka ƙwaƙwalwar zuwa megabait 512, injin ya kai gigahaz 1, an sa gilashin da ke amsa taɓawar yatsa ba sai an danna ba, an ƙara girman batir. Gwamnati na saye a kan rufi 2,263, ta ba ɗalibi a kan rufi 1,130. Amma a ganinmu babban gyaran ba a ƙarfen yake ba. Malaman Bombay sun zauna sun zuba mata abin karatu, da manhajojin koyon rubuta shirin kwamfuta, da wata da malami zai jefa tambaya a aji kowa ya amsa ta allonsa nan take. Sun kuma horar da malaman kwalejoji yadda za su koyar da ita. Sai a lokacin ta zama kayan makaranta. Duk da haka, burin raba ta ga miliyoyin ɗalibai bai cika ba, a shekarar 2015 aka rufe shirin.

To ina kuskuren yake? Mun tattauna wannan a zamanmu na ranar Laraba har aka buga ƙararrawa ba mu gama ba. Inda muka tsaya shi ne, an sanar da farashi kafin a san me za a ƙera. Da minista ya riga ya ce dala 35 a gaban duniya, komai dole ya lanƙwasa ya shiga cikin wannan adadi: a rage batir, a sa gilashi mai arha, a nemo injin da ya tsufa. Kamar ka ba tela yadi biyu ne ka ce lallai sai ya ɗinka maka babbar riga. Zai ɗinka wani abu, amma ba za ka je idi da shi ba. Wanda ya ce "a nemo mafi araha" shi ma ya fara da farashi ke nan, bai fara da tambayar me ɗan aji shida zai yi da ita ba.

Wani daga cikinmu ya ƙi yarda, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce da babu gara ba daɗi, ɗan mai kuɗi yana da waya a gida, ɗan talaka kuwa ko mai nawa aka ba shi ya ci riba. Mun ji. Amma kuɗin da za a haɗa daga aljihun wannan talakan zai fito, wani sai ya sayar da akuya ko buhun gero. In na'urar ta mutu kafin zango na biyu, ɗan mai kuɗi zai koma kan wayarsa, shi kuwa fa?

Ba sai mun je Indiya ba ma kafin mu ga wata dabarar. A shekarar 2013 gwamnatin jihar Osun, zamanin Rauf Aregbesola, ta fara raba wa 'yan babbar sakandare tabilet mai suna Opon Imo, wato allon ilimi da Yarabanci. An yi ta muhawara kan kuɗin da ta ci da yawan waɗanda ta isa gare su, amma abu ɗaya mun yaba: littattafai da tsoffin tambayoyin WAEC da JAMB suna cikinta tun daga farko, ba ta jiran intanet. A makarantar da ba Wi-Fi, kuma wutar lantarki sai ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma abin da ba mu ji an ambata a taron ba. A ɗakin JAMB ba shafa gilashi ake yi ba. Kwamfuta ce mai madannai, ka danna A, B, C ko D don zaɓar amsa, N ka wuce gaba, P ka dawo baya, S ka miƙa aikinka. Wanda ya shekara yana shafa tabilet zai saba da tambayoyi da agogon da ke ƙirga lokaci, amma yatsunsa ba su san madannai ba. In jarrabawar ce damuwar, to ko dai a haɗa da madannan da ake jonawa, ko a fara gyara kwamfutocin da ke lulluɓe da ƙura a ɗakin kwamfutarmu.

Roƙonmu ga kwamiti, cikin ladabi, shi ne kada a sayo da yawa a tashi ɗaya. A sayo biyu ko uku iri daban-daban, a ba ɗalibai da malaman darussa su yi wata guda suna aiki da su. Mu riƙa rubuta awa nawa batir ke yi da gaske, ko rubutu na karantuwa a ƙarƙashin bishiya da rana, ko tana ɗaukar zafi. A tambayi mai sayarwa, in gilashi ya fashe akwai mai gyara a garin nan, ko sai an aika Legas? A kuma yanke tun yanzu inda za a yi caji da wanda zai zuba darussan. In bayan gwaji aka ga kuɗin ba zai isa kowa ya samu mai kyau ba, mu dai mun fi son guda ashirin masu aiki a laburare, da sola ɗaya, ana karɓa bi da bi kamar littafi.

Mun manna farar takarda a ƙasan wannan shafi. Duk wanda ya taɓa amfani da tabilet a gida, ɗalibi ko malami, ya rubuta mana irinta, tsawon lokacin da ta yi, da abin da ya fara lalacewa. Ba sai ka sa sunanka ba. Ranar Juma'a bayan tashi za mu cire ta mu kai wa malamin da ke kula da ƙungiyarmu, shi kuma ya miƙa wa kwamiti.